Yatsa Biyu na Alhaji Maharazu

Ni Zinatu 'yar masunta ce, na kuma auri mai karatun kifi, saboda haka ƙarnin kifi ya biyo ni har London bai bar ni na sarara ba. A shekarar da yayan mijina Alhaji Maharazu ya sauka a gidanmu muna zaune a Peckham, a saman wani tsohon gida bayan Rye Lane, ɗaki biyu da ɗan kicin da ba ya ɗaukar mutum biyu sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Gwamnati ce ta turo mijina Ɗalha karatu. Lokacin ne kuɗin fetur ya hau kan mutane a gida, wanda jiya bai taɓa wuce Yawuri ba yau yana tambayar inda ake yankar tikitin jirgin sama.

Ɗalha mutumin kirki ne, wannan ba zan hana shi ba. Ba ya zagi, ba ya yawo, yana riƙe min 'yarmu Murja in ina girki. Amma Allah ya jarabce shi da ciwo guda: ba ya iya jin kuskure ya bar shi ya wuce. In na ce ruwa ya tafasa, sai ya leƙa tukunya ya ce ya dai kusa. Ya taɓa tsayar da layi a wajen mai kifin Rye Lane yana gyara wa Bature sunan kifin da Baturen ya tsufa yana sayarwa, mata suna ta tsaki a bayanmu, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin haushin kuma, yawanci shi ke da gaskiya.

Karatun nasa ya kai shi bakin tekun Mombasa, ya yi watanni yana nutso a kan murjani, wato duwatsun nan masu rai da ke tsirowa a ƙarƙashin teku kamar rassan itace, kifi na fakewa a cikinsu. Ya dawo ya yi baƙi ƙirin, da akwatin hotuna da wani katakon awo da ba ya rabo da shi. Abin da ya je ya gano shi ne, kowane kifi yana da girman da in ya kai yake fara ɗaukar ƙwai. In ka kama shi kafin nan, ka ci shi ka ci 'ya'yansa da jikokinsa a kwano ɗaya. Mu ma a gida haka muka sani, sai dai shi da inci yake aunawa, mu da yatsa.

Garinmu Gungun Ɓaure, a bakin tafki yake, kuma tafkin shi ne gonar kowa. Mahaifin su Ɗalha shi ne Sarkin Ruwa, mai buɗe ruwa da rufe shi. Ina yarinya na sha ganinsa a bakin gaɓa, wani siririn tsoho mai ƙafafu kamar na zalɓe, yana bin ragar masunta ɗaya bayan ɗaya yana zura yatsunsa a idonta. In yatsa uku suka shiga, ka hau jirginka. In suka ƙi shiga, a nan za a tara ragar a cinna mata wuta a gabanka, ko da ɗan ƙaninsa ne kai. Yatsa uku na nufin karfasar da ba ta kai ƙwai ba za ta sulale ta wuce. Mahaifiyata, Inna Hansai, bandar kifi take yi, da ita ta ciyar da mu tun rasuwar babanmu, kuma ƙannena biyu har yau da ɗan jirginsu suke fita. In tafkin ya mutu, Inna ba ta da wata sana'a, ba ta kuma da wani gari.

Da tsohon ya rasu, sarautar ta faɗa kan babban ɗansa, Alhaji Maharazu, wanda ya daɗe da barin ruwa ya koma Kaduna yana kwangilar siminti da kwalbati. Ba mu gan shi ba tun aurenmu. Ranar da tasi ta ajiye shi a ƙofar gida na leƙa ta taga ban gane shi ba. Mutumin da na sani dogo mai jijiyoyi a hannu ya zama uku. Da ƙyar ya hawo benen, yana haki yana tsine wa wanda ya gina gidan, turarensa ya riga shi isowa.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi ɗakin, ya dubi murhun kananzir, ya dubi Ɗalha.

"Nan ne Ingilar?" ya ce. "Ai ɗakin direbana ya fi wannan."

Na yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka da na daɗe ina ɓoyo. Ya ci sosai, bai ce ta yi daɗi ba. Sai da ya wanke hannu ya faɗi abin da ya kawo shi. Raga ya zo saya, ragar nailan, dila-dila, da injinan jirgi. Ya riga ya sayi mota mai ƙanƙara da za ta riƙa kai kifi Kaduna, otal-otal da bariki suna jira. An ce masa akwai wani kanti a bakin kogi can wajen Woolwich da ke loda wa mutum kaya har tashar jirgin ruwa ta Apapa.

"Mai ido nawa?" Ɗalha ya tambaya.

"Yatsa biyu."

Ɗalha ya ajiye cokali a hankali.

"Yaya, yatsa biyu fa ka ce."

"Kunnenka ya toshe ne da sanyin Turai?"

Ɗalha ya tashi ya ɗauko zanen gado fari ya rataya a bango, ya jawo labule, ya kunna injin hotunansa. Na san abin da ke tafe, don na kalli hotunan nan har na haddace su. Na farko murjani ne mai rai, kifi launi-launi sun cika shi kamar kasuwa ranar ci.

"Nan wani ƙauye ne, Yaya. Dattawansu ba sa barin a kama ƙarami. Gurar kama kifin da suke kafawa ma da gangan suke barin ƙofa a jikinta, ƙaramin ya fita. Ka ga girman wannan? Uwa ce. Guda ɗaya irinta ta fi ƙanana ɗari zuba ƙwai." Ya danna, hoto ya sake. Dutse ne fari fat, kamar ƙashin da kare ya gama da shi, sai wani ɗan kifi guda a gefe. "Nan kuma maƙwabtansu ne, da ƙafa ma sai ka je. Wani ɗan kasuwa ya kawo musu small mesh, mai ƙaramin ido. Shekarar farko suka yi ta murna, kowa ya sayi rediyo. Da na je na tarar matasansu duk sun tafi Mombasa dako. Na yi dissecting kifin da suke kamawa, na farke ciki bayan ciki, babu ƙwai ko a guda."

Alhaji yana sakace. Ya bari har Ɗalha ya gama.

"An tashi daga sinimar?"

"Yaya, evidence ne wannan, ba sinima ba."

"Kai Ɗalha, ni za ka koya wa cikin kifi? Na fara farke karfasa kana goye a bayan Gwaggo kana majina. Na san wadda ta kai ƙwai tun tana cikin ruwa, kafin ta taɓa hannuna. Abin da ka ƙetare teku ka gano, ni da bulala Baba ya koya min shi."

"To in ka sani, me ya sa?"

"Saboda ba ni kaɗai ke da ido ba. Baƙin masunta masu inji suna hawowa kogi kowace rani, ragarsu ko sauro ba ya wucewa. In ban kwashe ba, su za su kwashe. Gara ɗan gari ya ci."

"Kai ne Sarkin Ruwa. Kai za ka hana su."

"Da me zan hana su? Da hoton kifi a zanen gado?" Ya yi dariya, tumbinsa na rawa. "Baba ya yi shekaru yana ƙona ragar mutane, ya mutu da riga biyu. Zamani ya wuce nan. Ƙasa ta samu fetur, kowa yana ɗiba da hannu bibbiyu, kai kana nan kana gadin 'ya'yan kifi."

"Baba ya mutu da riga biyu, amma ya bar maka tafki. Kai me za ka bar wa wani?"

Ban taɓa jin Ɗalha ya yi wa yayansa magana haka ba. Fuskar Alhaji ta haɗe. Ni kuwa, duk da ba wurina ba ne in sa baki tsakanin wa da ƙani, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Yaya Alhaji, a yi min afuwa. Su Inna fa? In ƙananan suka ƙare, me za ta banda?"

Bai ko dube ni ba. "Hansai? In kifi ya ƙare sai ta zo Kaduna, matana suna neman mai wanke-wanke."

Na tattara kwanuka na shiga kicin. Na tsani mutumin nan a ranar, tsana ta gaske. Matar da ta yi wa uwarsa jinya har ta cika, ita ce yau mai wanke-wanke.

Daga kicin ina jin su. Ɗalha ya ce ba zai raka shi kantin ba, ba da bakinsa za a sayi ragar nan ba. Alhaji ya ce dama wa ya gayyace shi? Ɗan boko in ya yi maka tafinta, kai ka ce fari shi ya ce baƙi, ya haɗa baki da Bature su rikita ka da inci. Zinatu za ta raka shi, ai ta yi makaranta, kuma mace ba ta da wayon cutarsa. Haka ya faɗa, ina ji.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya zama kamar gidan makoki. Su biyun ba sa magana sai gaisuwa, ita ma a taƙaice. Alhaji ya yi ta yawon kantunan Oxford Street yana dawowa da akwatuna, har muka rasa inda za mu shimfiɗa sallaya. Ɗalha kuma ya yi ta bin mutane, ya je wurin wani Malam Uwaisu mai aikin rediyo wanda Alhaji ke jin nauyinsa, ya roƙe shi ya zo ya sa baki. Malam Uwaisu ya zo, ya sha shayi, ya karɓi kyautar agogo, ya tafi yana cewa sha'anin 'yan'uwa sai addu'a.

Ranar zuwa kantin na kai Murja wurin Dokas, wata nas 'yar Jos da ke zaune a ƙasan benenmu. Muna shiga tasi sai ga Ɗalha ya fito da jakarsa ya buɗe ƙofa ya zauna.

"Na ɗauka ka ce ba za ka ba," in ji Alhaji.

"Ba zan yi magana ba. Matata zan raka."

"Kai ne ba za ka yi magana ba? To Allah ya nuna mana."

Kantin yana can ƙarshen wani lungu da ke gangarawa kogi, kusa da inda jirgin fito ke tsayawa. Ciki duhu-duhu, warin kwalta da igiya, ga fitilun jirgi da ƙugiyoyi rataye ko'ina. Mai kantin wani tsohon Bature ne mai jan hanci, da fensir a bayan kunne. Da na gaya masa yawan ragar da ake so sai ya cire tabarau ya goge, ya kawo wa Alhaji kujera. Sannan ya kai mu wani bango inda aka jera guntayen raga a ƙusoshi, daga mai idon da kan yaro zai shiga har zuwa mai kama da gidan sauro. Ya tambayi inci nawa muke so.

"Yana tambayar inci," na ce.

"Ki ce masa ni ba na jin inci. Ubana bai san inci ba. Da hannuna zan auna."

Ya miƙe, ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, ya ɗaga yatsa biyu, manuni da na tsakiya. Sai a lokacin na dubi hannun da kyau. Shekarun Kaduna sun zauna a kansa. Kowane yatsa ya yi kauri kamar rogo, zoben azurfa ya nutse a cikin nama har ba a ganin gefensa. Hannun da ya ja taru yana saurayi ba shi ne wannan ba, amma shi Alhaji bai sani ba. Mutum yana ganin tumbinsa ya girma, ba ya lura da yatsunsa.

Ya fara daga ƙananan. Ya cusa a wata, yatsa ɗaya ma da ƙyar. Ya matsa gaba. Ya zo kan wadda ni da idona na san ita ce yatsa biyu ta masunta, irin wadda marigayi ke ƙonawa. Ya tura, kan yatsun suka shiga suka cije a gaɓar farko. Ya yi tsaki ya zare.

"Wannan ta yi ƙanƙanta. Ta kama fara ce."

Ya wuce ta gaba, ita ma ta cije. Ya kai kan ta gaba da ita, yatsun biyu suka shige har gindi, cif, babu saura. Ya juya su a ciki, ya gyaɗa kai.

"Yauwa. Ga yatsa biyu."

Ragar nan, in ƙanena ne ya zura hannu, yatsa uku za ta ci har da ɗan sarari. Ita ce ragar marigayi, ba ƙari ba ragi. Na saci kallon Ɗalha. Ya gani. Idanunsa sun fito, leɓensa na motsi, hannunsa har ya kai bakin jakar da katakon awon yake ciki. Na matsa kusa da shi kamar mai gyara mayafi, na ɗora dunduniyar takalmina a kan ƙafarsa na danna da duk nauyina.

"Malam," na ce a hankali, "don girman Allah."

Ya haɗiye maganar. Ya sauke hannun daga jakar.

Baturen ya duba ƙusar ya ce da ni wannan inci uku ce, in gaya wa maigidan don kada a yi kuskure. Na juya wurin Alhaji, na fara a hankali, ina jan maganar yadda na san ba zai iya jira ba.

"Yaya Alhaji, ya ce wai a awonsu na inci, wannan ɗin..."

"Na ce kada a kawo min zancen inci. Wannan da hannuna yake ciki, ita nake so. Ki ce ya rubuta ta."

Na ce da Baturen ya rubuta ta. Ya ciro fensir daga bayan kunne ya rubuta. Suka gama maganar jirgi da ranar lodi, aka yi musabaha. Duk tsawon lokacin Ɗalha na tsaye yana kallon wata fitila kamar bai taɓa ganin fitila ba, gumi na tsattsafo masa a goshi. Ban taɓa son sa kamar a wannan tsayuwar ba. Na ce a raina, yau mijina ya girma.

Muka fito. Rana ta buɗe, kogin yana ta ƙyalli, jirgin fito yana kuka a can ƙasa. Ji nake kamar in yi guɗa a tsakiyar titi. Ragar za ta sauka Apapa, ta hau mota har Gungun Ɓaure, kafin wani ya gaya wa Alhaji gaskiya an riga an jiƙa ta a ruwa, kuma wa zai tsaya gaban Sarkin Ruwa ya ce masa bai iya awo ba? Abin da ya rage mana kawai mu hau lungun nan mu sami tasi.

Alhaji ne a gaba, yana tafe yana baza riga, nishaɗi ya kama shi.

"To Dakta," ya ce ba tare da ya waiwayo ba, "yau ina bakin? Na ga ko tari ba ka yi ba."

Ɗalha ya kau da kai.

"Ai dama haka kuke. A ɗaki ku cika wa mutum kunne, a gaban Bature ku zama kurame. Gwamnati ta yi asarar kuɗin jirgi."

Na kama gefen rigar Ɗalha na riƙe.

"Baba ya sha faɗa min, Ɗalha ba hannun ruwa gare shi ba, a kai shi makaranta ko ya samu abin yi. Ka tuna ranar da ka kifar da jirgi a ruwan da bai kai gwiwa ba? Har yau ana ba da labarin a gari."

Na ji jikin Ɗalha ya sandare, amma ya ci gaba da tafiya. Mun kusa bakin titi, ina hango jajayen bas suna wucewa. Sai Alhaji ya tsaya, ya juyo, ya dube shi sama da ƙasa yana murmushi.

"Ka san abin da zan faɗa in na koma? Zan tara masunta a bakin gaɓa in ce, ga raga yatsa biyu, kuma Dakta Ɗalha yana tsaye aka auna ta. Masanin kifi na London ya gani da idonsa, ya yarda lissafinsa ne ba daidai ba. In ya so duk mai ƙorafi ya zo ya same ka."

"Lissafina daidai yake," in ji Ɗalha.

"Malam, mu tafi, Murja na jira," na ce.

"Daidai yake?" Alhaji ya ɗaga yatsun nan biyu a gaban fuskar Ɗalha yana kaɗa su. "To me ya hana ka magana? Ka ga awon gaske ne, ka san takardarka ba ta kai nan ba. Ni ko a mafarki na auna raga ba na kuskure. Kai kuwa da katakonka da digirinka, ko idon raga ba ka iya karantawa ba."

"Ni ban iya ba?"

"Malam."

"Ni ne ban iya karanta mesh ba?" Ya fizge rigarsa daga hannuna. Muryarsa ta hau, irin hawan da na sani tun daga layin mai kifi. "Yaya, ragar da ka saya three inch ce. Inci uku. Yatsa uku ce ta Baba, ita ce dai wadda ka zo gudu. Yatsa biyu ta masunta two inch ce, ka sa hannu a cikinta ka ce ta kama fara ce. Dubi hannunka. Yatsunka biyu sun kai uku na mutane. Ka yi ƙiba har awo ya ɓace maka, kana tsaye kana ce min ban iya ba."

Ya tsaya yana haki. Na ga daɗin a fuskarsa, wallahi na gan shi, daɗin mutumin da ya daɗe da ƙaiƙayi ya samu ya sosa. Bai daɗe ba. Ina kallo daɗin ya zagwanye, ya bar fuskar fayau.

Alhaji bai yi fushi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya sauke hannunsa ya dube shi, ya juya bayan hannun, ya juya tafin, ya taɓa zoben da ya nutse. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya dube ni, kallon da ya gaya min ya gane jan maganar da na yi a kanti, kuma ba zai manta ba.

"Tu inci," ya ce a hankali, yana ɗanɗana kalmar. "Haka ake faɗa ko? Tu inci."

"Yaya, tsaya. Ba haka nake nufi ba. Ka bar ta yadda take, don Allah, don darajar Baba."

"A'a, ai ka yi min gyara, na gode. Amfanin ɗan boko a gida ke nan." Ya gyara rigarsa a kafaɗa. "Ku jira ni nan. Wannan karon ba na bukatar tafinta."

Ya juya ya gangara lungun, yana tafe yana maimaita kalmomin biyu don kada su zube masa a hanya. Muka ji ƙararrawar ƙofar kantin ta kaɗa.

Muka tsaya a bakin titi kamar waɗanda aka kora daga biki. Mutane suna ratsa mu suna wucewa. Ni kuwa ba Alhaji nake jin haushi ba a lokacin. Alhaji mugu ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Wanda ya ƙone min rai shi ne wannan na kusa da ni, wanda ya fi kowa sanin abin da ragar nan za ta yi, ya nutsa teku ya gani da idonsa, aka ɗora masa tafkin garinmu a tafin hannu, ba a nemi komai daga gare shi ba sai ya bari a ce ya yi kuskure sau ɗaya.

"Zinatu," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Amma ai gaskiya na faɗa."

"Gaskiya ka faɗa, Malam."

"Ba zan iya bari ya je ya ce na yarda ba. Sunana ne fa."

"Na sani. Sunanka ya tsira." Na gyara mayafina, don hawaye sun fara zuwa kuma ban so ya gani. "In mun koma gida, kai za ka je wurin Inna ka yi mata bayanin incin da bakinka. Ni ba zan yi maka tafinta ba."

Na bar shi a nan na tsallaka titi wajen tashar bas.